Kara Biyu

Ƙarfe tara ta gota a Tudun Wada,
mai shayi ya fara kife kofuna,
janareton maƙwabci na tari kamar ba zai kwana ba,
ni kuwa ga ni, ga babi na bakwai.

Littafin lissafi ne na Malam Sallau,
wanda ya shekara talatin yana jera haruffan dalma
a wata maɗaba'a can Kakuri, kafin a sa mata kwaɗo.
Da hannu ya rubuta, a bayan tsofaffin rasitai.
Ya ce, "Nuratu, mayar min da shi littafi
tun idona bai ƙarasa tafiya ba."

Na buɗe baƙar taga.
Ba hoto, ba ado,
sai ɗan tsinke fari yana ƙifta ido, yana jira.
Na rubuta sunan ɗan dubana, na bar tazara,
na rubuta sunan fayil, na danna.

Ba sallama, ba ina gajiya.
Layi na tamanin da huɗu: kin buɗe baka, ba ki rufe ba.
Na ɗari da sha biyu: dala ta shiga, 'yar'uwarta ba ta biyo ba.
A nan dala ba ta sayen ko ashana, ƙyaure ce,
ɗaya ta shigar da kai zauren lissafi,
ɗaya ta fito da kai.
Na ɗari biyu: kin fara da jadawali, kin rufe da wani suna,
kamar wanda ya hau motar Kawo yana cigiyar Sabon Tasha.

Talatin da ɗaya, na ƙirga.
Wasu laifi ne na gaske, wasu tsegumi,
wai tazara ta riga waƙafi,
wai ɗigo ukuna ba su yi masa kyau ba.
Na yi tsaki. Na gyara.

Bakar nan kuwa ta ba ni wuya.
Inda ya nuna ba nan ta ɓace ba,
nan ne dai ya gaji da jiranta.
Na bi sawu baya, layi bayan layi,
kamar mai neman akuyar da ta tsinke da magariba,
sai ga ta kwance cikin wani kaso, tsakanin uku da huɗu.
Ɗan hakin da ka raina.

Na danna, sha tara.
Na danna, shida.
Aka kawo wuta, yara suka yi ihu a layinmu,
fanka ta motsa takardun Malam.
Na danna.
Shiru.
Shi yabonsa ke nan, ya koma ƙifta ido,
ko sannu babu.

Da hantsi Malam ya zo,
tabarau ɗaure da zaren ɗinki.
Ya juya shafin a kife, haka ya saba tun zamanin dalma,
yana bin layi da farcen babban yatsa.
A shafi na arba'in ya tsaya.
Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Kara biyu a kan biyar?
Karan dawa ne, 'yata, ko na gero?"

Na leƙa. Ƙugiya ce ta faɗi daga kan harafi,
ƙara ta koma kara,
lissafi ya koma gona.
Na ce, "Amma ɗan duba ya ce babu komai."
Ya ce, "Bai yi ƙarya ba.
Mai gadi ne, ƙofofi ya sani.
Wanda ke zaune a ɗaki, wannan sai ɗan gida."

Na miƙa masa jan biro.
Ya rataya ƙugiyar a hankali,
kamar mai rataye hula bayan doguwar tafiya.
Ya sami wasu huɗu kafin azahar.

Na gyara, na sake dannawa.
Shirun dai na jiya ne, bai ƙaru ba, bai ragu ba.
Malam ya lashi yatsa, ya buɗe babi na takwas.