Malam Shiru na Hindawiyya

A kasuwar Bangala na same shi, cikin bokitin Ukasha,
bai kai tsawon yatsana ba,
ja wur, da ɗigo shuɗi kamar an yarfa masa baba.
Ukasha ya ce, wannan ba na miya ba ne,
kawo riyal goma.
Na ba shi sha biyar don kunya.

Hamur ne. Ban san abin da na ɗauko ba.

Teku tana nan, rubu'in awa daga ƙofata,
amma ni a buhu nake sayen tawa.
Duk Juma'a bayan la'asar
in zuba gishiri a jarka, in kaɗa, in auna,
in ɗiga ruwan gwaji, ɗaya, biyu, biyar,
in jira launi ya gaya mini gaskiya.
Kakata da ta tako daga Gumel shekara bakwai,
ta haye daga Sawakin tana amai a jirgin katako,
da ta ga jikanta yana dama teku a baho
da ta sa an nemo mai tofi.

In na ce matata ta toshe,
Zinaru kan amsa daga kicin:
ni dai lafiyata ƙalau, duba injinka.

Na yi masa maƙwabta,
ƙananan kifaye shida masu ruwan ɗorawa
da jatan lande biyu.
Ran Asabar shida ne.
Ran Talata huɗu.
Ba ya kora, ba ya faɗa,
baki kawai yake buɗewa
ruwa ya shige da abin da ke cikinsa.
Ranar da jatan landen ƙarshe ya ɓace
Rumasa'u ta yi kuka har ta gaji,
sannan ta manna hanci a gilashi
ta raɗa masa Malam Shiru.

Ya haƙa ɗakinsa ƙarƙashin dutse,
ya tofar da yashi waje, baki bayan baki.
In baƙo ya shigo, sai ya dushe, ya koma kalar ƙasa.
In ni ne, ya fito a hankali
kamar mai gidan haya ya zo karɓar kuɗin wata.

Wani dare a tsakiyar zafin Jidda wuta ta ɗauke.
Injin ya yi tsit.
Na tsaya da kofin silba ina ɗiba ina tsiyayawa
don ruwa ya sami numfashi,
Zinaru tana haska mini da waya,
har aka kira assalatu.
Ya kwanta a gefe yana ɗaga kumatu.
Ni ma ban san na iya roƙo irin wannan ba.

Yau shekara uku.
Ya kai kamu biyu, har da ɗoriya.
In zai juya sai ya lanƙwasa
kamar mai gyara kwanciya a motar haya.

Ukasha ya ce, kai shi Abhur da dare ka sake shi.
Mai shagon kifi ya ce a'a,
wanda ya girma a gilashi ba ya komawa,
zai kai musu cutar da ba su sani ba,
kuma hannu ya saba jira.

Ban ce komai ba.
A layin nan aka yanke mini cibiya,
kowace shekara ina sabunta iƙama.
Gumel kuwa a bakin kakata kawai na taɓa ganinta.

Jiya da dare na ɗauko awo.
Daga taga zuwa ƙofar bayi, taku tara.
In aka ɗauke kujerar baƙi, sabon gilashi zai shiga.
Zinaru ta dube ni, ta dubi kujerar,
ta ce baƙi dai a ina za su zauna?
Sannan ta kama ɗaya bakin igiyar
ta ce, ja sosai, ka karkace.