Kada Ki Goge Wannan

Ƙarfe biyar na asuba a Bradford,
sama ba ta gama shawarar ruwa ba.
Ni da bokitina muka shiga tsohuwar masaƙar ulu,
inda injina suka ci yatsun mata a da,
yanzu bango fari fat, sai da tikiti ake shiga.

Bronwen ta rataye zannuwan gado goma sha bakwai
daga ƙarfen rufi har ƙasa,
gwanjon wani otal da ya rufe.
Jan fenti, baƙin fenti, kowane harafi ya kai tsayin yaro.
Ɗaya ya ce: MURYATA BA TA HAYA BA CE.
Ɗaya: AN YI ZAMA A KAN CIKINA, BA NA ƊAKIN.
Wani can lungu, kusa da bututun ɗumi:
WA YA GOGE ƘASAN DA KAKE TSAYE A KAI?

Na jingine sandar gugata, na karanta sau biyu.
Na ce to, madalla, ga mai amsa ta iso.

Ranar farko na kankare wani ɗigon ja
da ya zubo ƙarƙashin zane na huɗu.
Manaja ya ɗora hannu a ka kamar an yi masa rasuwa.
Ashe ɗigon ma aiki ne, har da inshora.
Bronwen ta yi dariya, ta sake ɗiga wani.
Tun ran nan nake kewaye shi
kamar mai kewaye jariri a tabarma.

Daren buɗewa kansila ya yi jawabi,
ya ce mata ne ƙashin bayan ƙasa.
Nawa ƙashin bayan ya ji, ya amsa da ciwo.
Aka tafa, aka watse,
aka bar mini kofuna casa'in da uku.
Na ƙirga, ai dole,
shekara tara ina koyar da lissafi a Funtuwa,
ƙirga ba ta barin hannu.

Wata Laraba ta riga ni zuwa,
ɗanta na barci a cikin kwalin fenti
don kuɗin gidan raino ya fi ƙarfin aljihu.
Idonta ja, farcenta kore.
Ta ce, Tabawa, ara mini kalma ɗaya daga bakinku,
mai zafi, mai cizo.

Ina da masu cizo, Allah ya sani,
buhu guda na taho da su.
Na dubi yaron, na dubi kafaɗarta,
na ce: Sannu.

Ta rubuta shi da kore a zane na ƙarshe.
Manaja ya liƙa 'yar takarda a gefe:
wai kirarin turjiya ne daga Afirka ta Yamma.
Na yi dariya har bokiti ya fantsama.
Abin da ake ce wa wadda ta sauke kaya,
da wadda ta yi tuntuɓe,
da wadda ta haihu.
Ko da yake, wa ya sani.
Ba ta hana zuwa, in ji mutanenmu,
sai dai a daɗe ba a je ba.

Yanzu kullum kafin in kashe fitila
ina jiƙa tsumma in ja nawa layin a kan siminti,
da ruwa zalla, manya-manyan harufa.
Kada ku tambaye ni abin da nake rubutawa.
Ƙarfe goma ake buɗe ƙofa,
kafin nan ya bushe,
su shigo da jiƙaƙƙun takalma
su tsaya a kai, su ɗaga kai sama suna karatu.