Layin Bik

Bayan Katako, inda masu tsohon ƙarfe
ke jingine ƙofofin motoci,
akwai wata inuwa da ba ta kowa ba.
Nan nake zuwa Talata da Asabar,
jakata cike da sababbin allurai a leda,
auduga, alkol, guntayen sabulu,
da galan mai murfi na zuba tsofaffi.

Zabairu ya cusa hannu cikin riga
kamar wanda ya sato kaza.
Na ce, nuna mini.
Ya ce, sauro ne.
Sauron Yamai da duk rashin kunyarsa
bai taɓa barin ƙwan zabo a ƙarƙashin fata ba.

Wurin ya yi ja, yana sheƙi,
da zafi kamar murfin tukunya.
Jijiyar nan ta gaji, Zabairu.
Ƙofa ɗaya kake bugawa kullum,
da allurar da bakinta ya dakushe tun Lahadi,
ka lashe ta, ka dama garin da ruwan randar kowa.
Na sani. Ga nawa tabon,
rami ne da babban yatsa ke shiga.

Na ce, tashi mu je gidan likita.
Ya yi dariya ba sauti.
Bara, in ji shi, sun dube ni
kamar abin da kare ya jawo,
sun sa safar hannu biyu-biyu,
ba wanda ya tambayi sunana.

Ban yi wa'azi ba, an fi ni baki.
Na ciro bik, na kewaye jan da shuɗin layi.
Kada ka matse.
Kada ka tsaga da reza,
kada wani ya shafa maka baƙin mai ko toka.
Bar hannun nan ya huta,
wuya da matsematsi kuwa, ko da wasa.
In ja ya ƙetare layin nan,
ko ɗari ya kama ka ana zafi,
kira ni. Na rubuta lambata a dantsensa.

Daren Alhamis, ƙarfe biyu saura.
Muryar ba ta yi kama da tasa ba.
Na iske ja ya tsallake shuɗi,
ya miƙe siriri kamar hanyar tururuwa
ya nufi hammata.
Na ɗaure shi a bayana da rawani bisa babur,
haƙoransa na kaɗawa a kafaɗata,
muka ratsa Bukoki, karnuka na rakiya.

Majo Barira ce ke gadi.
Ta dubi layin, ta dube ni.
Wa ya zana? Na ce, ni.
Ta ja kujera ta ce, sannu, yaya sunanka?
Sai ya fashe da kuka
tun wuƙa ba ta taɓa shi ba.
Mugunyar da ta fito ta kusa cika kofin shayi.
Kwana shida ana ƙarin ruwa,
ana wanke ramin safe da yamma.

Innata ta ce, kai da Allah ya tsamo,
kake kai musu allura har gida?
Na ce, Inna, sai da rai ake tuba.
Ta yi shiru, ta ci gaba da tsince shinkafa.
Ban san ko ta yarda ba.

Hannun ya tsira. Yatsu biyu ba sa lanƙwasa sosai,
amma suna riƙe guduma.
Bai daina ba.
Talatar nan ya miƙo mini kwalba
da tsofaffin allurai goma sha ɗaya, ya ƙirga su a gabana,
ya karɓi sababbi, ya wanke hannu da sabulun.
Zan tafi ya riƙo jakata.
Ara mini bik ɗinka, in ji shi,
ƙafar Ɗan Tani ta fara ja.