Bahaguwar Kakuri

Yatsana na tsakiya bai miƙe ba har yau.
Lantana Bako ce ta karya shi
wata Asabar a filin Murtala,
ina tsugune bayan turaku uku
ina jiran ƙwallon da ban ga tahowarsa ba.
Ba ta ba ni haƙuri ba.
Ta kama hannun, ta juya shi, ta ce,
"Gobe ki buɗe ido kafin ki buɗe tafi."

'Yar mai gadin masaƙa ce.
Hannun hagun nan ya sha muciya
don ya ƙi bar wa ɗan'uwansa kwanon tuwo,
sai ya huce a kan mangwaron kwatas ɗin reluwe:
jifa ɗaya, nunanne ɗaya.

Ran Lahadi Indiyawan masaƙa kan sa fararen kaya
su buga kurket a bayan rumbun auduga.
Ita ruwan sanyi take kai musu a bokiti.
Wata rana ƙwallo ya gangaro gabanta.
Ta ɗauka, ta auna, ta sake.
Turken tsakiya ya tashi ya yi alkafura.
Fili ya yi tsit,
sai jiniyar canjin aiki.

Wani kafinta a Makera ya sassaƙa mata sanda daga tsohon ƙyaure,
ta cusa ƙyallayen atamfa a buhu, ta kare ƙwauri.
Ta bi makarantu tana neman mata goma.
Wani hedimasta ya ce wasan masu hutu ne,
wani ya ce ta dawo da takarda mai hatimi.
Shida ta samu.
Mu bakwai muka hau jirgin ƙasa zuwa Ibadan
da gurasa da ƙuli-ƙuli a ƙullin zane,
muka ari huɗu a can.
An ci mu.
Amma ita kaɗai ta kori mutum shida,
alƙali yana ta ɗaga yatsa
kamar ɗalibi mai neman izinin fita.

Jarida ta rubuta "L. Bako."
Kowa ya ɗauka namiji ne.
Ta yanke wurin, ta liƙa a bayan ƙofa, tana dariya.

Masaƙa ta rufe.
Indiyawa suka tafi, suka bar mata ƙwallo uku da tabarmar fili.
Ciyawa ta cinye bayan rumbun.
Shekara ashirin da shida a wata firamare a Barnawa,
albashi na zuwa yana ɗingishi kamar gwiwarta.
Ita ce mai shara, ita ce mai zana layi da toka,
mai raba faɗa, mai kai 'ya'yan mutane gida kafin magariba,
ita ke ɗinke ƙwallo da zaren takalmi in ya yi baki.

Da damina ta rasu, kogi ya kawo har wuyan gada.
Ba wanda ya yi jawabi.

Jiya na bi ta filin a keke napep,
na hango wata yarinya tana tahowa a guje,
bahaguwa,
ta murɗa wuyan hannu yadda na sani.
Na ce wa mai keken ya tsaya.
Ya ce, "Hajiya, kuɗin jira fa?"
Na ce ya jira.
Yatsan ya soma zogi.