Lissafin Bango

Ƙarfe uku na dare nake tashi,
kafin ladanin Zango ya gyara murya,
kafin jirgin ƙasa ya girgiza kwanon ɗakina.
Kwaɓin da na rufe tun isha
ya kumbura har ya ɗaga faifai,
kamar mai magana a ciki.

Tanderun nan daga Jakara ya zo,
a bayan tirelar shanu,
naɗe cikin tsohon bargon marigayi.
Shekara goma sha tara yana shan ruwan Ikko,
ya tsage sau biyu, na liƙe shi da yumɓu,
bai taɓa cewa zai koma gida ba.

Icen Agege jiƙaƙƙe ne ko da rani.
In hura, in yi tari, in sake hurawa.
Sai in tsoma hannu a ruwa,
in manna kwaɓi a cikin tanderu,
ɗaya, biyu, har takwas.
Gashin hannuna ya daɗe da ƙonewa.
Ni da wuta mun wuce gaisuwa.

Wata Laraba jiri ya zaunar da ni
a kan buhun fulawa, da rabin aiki a wuta.
Ilu mai kemis ya ɗaura min abin nan a damtse,
ya matsa, ya matsa, ya yi shiru.
Ya soki yatsana, ya ƙara wani shirun.
Ya ce, Inna Uwani, jini ya hau,
suga ma ya bi sawunsa.
Ki je asibiti. Ki rage gishiri. Ki rage gurasa.
Na ce, ɗana, ka je ka ce wa kifi ya rage ruwa.

Amma na je.
Na yi layi tun hantsi har azahar,
na dawo da ƙwaya fara ta safe,
da rabin wata ta dare,
da kuɗin buhu guda sun narke a aljihu.

Daga nan kowa ya zama likitana.
Iya Morufu ta kawo ruwan shuwaka a kwalba,
ta tsaya a kaina sai na kurɓa.
Barira ta bugo daga Kano:
hulba, yaya, hulba da tafarnuwa!
Na gode wa kowa.
Ƙwayata dai ba na tsallake ta,
da la'asar kuma in bi gefen titin jirgi da ƙafa
har kasuwar shanu, in juyo,
ina ƙirga taku kamar carbi.

Bayan ƙofata akwai bango
inda nake rubuta bashi da gawayi.
Sallau mai tsire, arba'in.
Tanko direba, goma sha biyu, tun kafin salla.
Yanzu a ƙasansu na buɗe sabon layi:
ɗari da saba'in,
ɗari da hamsin da biyar,
ranar da aka ƙara kuɗin haya, ɗari da tamanin.
Sama, abin da nake bin mutane.
Ƙasa, abin da jikina ke bi na.
Shi ba ya jin a dawo gobe.

Gari ya waye.
Masu tallan burodi suna wucewa da nasu a ka,
laushi kamar katifa, ba ruwana.
Jikata Ladidi tana yayyafa wa gurasa ruwa,
ta barbaɗa ƙuli, ta zuba mai, ta yanka albasa,
ƙamshin bandashe ya cika lungu
har 'yan acaɓa suna rage gudu.

Ni kuwa na zaɓi wadda gefenta ya ƙone,
wadda ba mai saye.
Na gutsuri kamar faɗin tafina,
na haɗa da kwaɗon zogale, ba gishiri.
Ina taunawa a hankali,
Ladidi tana harara ta ta gefen ido,
tana ƙirga lomata
kamar yadda nake ƙirga canjinta.