Layi na Saba'in da Huɗu

Ni direba ne. Majalisata gindin mangwaro,
inda muke jiran a tashi, ni da Jatau
mai tuƙa shugaban marasa rinjaye.
Gyaɗarmu ɗaya a leda ɗaya,
iyayen gidanmu na ciki suna nuna wa juna yatsa.

Tun asuba ƙofar Honarabul Barau ta cika:
mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta,
mai ɗan da ya gama digiri yana tura baro a Kasuwar Bacci.
Kowa da ambulan, kowa da "Ranka ya daɗe, ka tuna ni?"
Ya tuna da yawa. Aljihu ya tuna kaɗan.
Daga Unguwar Dosa zuwa ƙofar majalisa
wayarsa ta yi kuka sau goma sha tara. Na ƙirga.

A madubi nake karanta shi.
Kundin kasafi a cinya, kaurinsa ya kai bulo,
ya naɗe kunnen shafi guda,
ya ja jan biro ƙarƙashin layi na saba'in da huɗu:
gadar Rafin Gwanki, mita ashirin da biyar.
Shekara uku ke nan tana shiga takarda da kaka,
ta ɓace kafin bazara.

Akwai wata takardar, ba ta da hatimi,
an yago ta daga littafin 'yan firamare.
Malama Kande ungozoma ce ta rubuta, ta ninke huɗu:
sunayen mata shida da naƙuda ta kama a ƙetare
rafi ya ce musu sai gobe.
Biyu ba su ga goben ba.
A cikin hula yake ajiye ta.

Talata kwamiti ya zauna har la'asar ta yi sanyi.
Aka ce asusu ya rame,
kowa ya zaɓi abu ɗaya ya haƙura da sauran.
Yana da ɗakin taro a jerin,
wanda za a rubuta sunansa a goshinsa da shuɗin fenti.
Yaran jam'iyya suka tare shi a bakin mota:
"Yallaɓai, gada ba ta da bangon liƙa hoto,
zaɓe saura wata goma sha huɗu."
Bai amsa ba. Ya ce in kunna.

Laraba na ga abin da rediyo ba ta faɗa ba.
Ya taka da ƙafarsa har ofishin maigidan Jatau,
wanda jiya ya kira shi ɗan amshin shata.
Ba ni gishiri in ba ka manda:
hannuna ga rufin makarantarku, hannunka ga gadarmu.
Jatau ya dube ni, ya miƙo sauran gyaɗar.

Alhamis aka shigo da sanda.
Ta taga muke jin guguwar masu e da masu a'a,
sai guduma ta sauka.
Layin ya tsira, amma an aske shi:
rabin kuɗin bana, ginshiƙai biyu,
shimfiɗa sai baɗi, in Allah ya kai mu,
in kujerar tana nan.

Ya fito bai yi dariya ba, bai ɓata rai ba.
"Tanimu, cika tanki."

Asabar muka tsaya inda hanya ta ƙare.
Ya cire takalmi, ya naɗe wando har gwiwa,
ya tattare babbar riga a kafaɗa.
Can ƙetare Malama Kande ta kare rana da tafi.
Tun Kawo yake motsa leɓe,
yana neman yadda ake faɗin rabin gada
ga wadda ta ƙirga har shida.

Ruwan ya kai masa cinya.
A kujerar baya wayarsa na ta kuka.
Na bar ta.