Zobe Mai Kusurwa Shida

Inna Tasalla tana rini a Gamkalle,
hannunta shuɗi har gwiwa, sabulu ya sallama.
Baba ta zama labari. Yanzu hoda ce a leda
daga kasuwar Katako, ba suna, sai lamba.
In ta gama ta tuntsurar da baho,
ruwan ya bi kwata, ya gangara Isa
da launinsa, ko kunya ba ya ji.

Ni ce autarta. Da sassafe nake ƙetare gada
da kwalba uku na wannan ruwa a jaka.

Malam Tankari ya zana mini shi da alli:
zobe mai kusurwa shida, karbon a kowace kusurwa,
sun riƙe juna kamar ƴan adashe
da suka rantse ba mai fita.
Littafi ya ce sunansu "masu ƙamshi".
Wanda ya raɗa sunan bai taɓa tsayawa bakin kwatarmu ba.
Rana ta doke su, ba su fashe ba.
Kogi ya kai su Gaya, suna nan yadda suke.

Mai fasa su na tsince ta bayan labo,
kan ruɓaɓɓen kututturen mangwaro,
fara fat, kamar an yagi auduga an manna.
Funfuna. Wadda Inna ke kankarewa da wuƙa
tana tsaki.
Ba haƙori, ba baki, ba gaggawa.
A jikin itace ta yi karatunta
tun ba a haƙa marina ta farko ba.
Yawu take fitarwa, cikinsa furotin,
a cikin furotin ƙwayar tagulla huɗu.
Ba ya sara, ba ya duka,
abu guda yake zarewa daga zoben
kamar mai jan zare ɗaya a bakin zane,
sauran su warware da kansu.

Sai dai ba ya zama. Ruwa ya zo, ya bi ruwa.
Aikina ke nan: in samo masa turke,
ɗan guntun feptid, ɗuwatsu goma sha biyu a tsinke,
da zai kwanta cikin kwarin da ke gefensa.
Na gwada talatin da bakwai a kwamfuta.
An ce mini kuba ce da makulli. Ban yarda ba.
Na ga kwarin yana motsi, yana gyara zama,
kamar takalmin fata da ya san ƙafar mai shi.
Kowane riƙo a wurin rarrauna ne,
ɗaya ba ya tsare ko ƙuda,
amma tsintsiya da yawanta take shara.

Kwana na tara aka ɗauke wuta.
Injin ba gazuwal. Illo mai gadi ya haska mini toci,
na zauna ina kaɗa kwalabe da hannu
har aka kira assalatu.
Kwana na sha ɗaya shuɗi ya saki,
ya koma kalar shayi na uku.

Na kai gida. Inna ta ɗaga kwalbar ga rana,
ta juya ta, ta daɗe.
"Ashe akwai mai cin aikina."
Ta ce, a sha?
Na ce a'a. Launi ya tafi, ban san me ya bari ba,
gutsattsarin zobe ma yakan yi yanka,
kuma na'urar awo tana jiran kaya wata huɗu ke nan.

Ta dubi hannunta, ciki da bai.
Na ɗauka za ta tambaya ko zai fita.
Ta miƙo mini kwalbar, ta jawo baho.
"To, ki gaya wa funfunarki
kada ta kusanci shaddar mutane."